Ranar da Na Sa wa Mota Safa

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ƙwaƙwalwa, ba na jin zai iya da wata safiyar Litinin da na durƙusa cikin ƙanƙara a unguwarmu ta Highbridge, can ƙasar Turawa, ina sa wa motata safa. E, safa na ce, irin wadda ake zura wa ƙafa, sai dai wannan ta taya ce.

Ni Bakano ne, maƙwabcina na ƙofa da ƙofa kuwa Badamagare ne, mai shagon turare da huluna. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san irin zaman da muke yi. Ba ya kirana da komai sai bawansa, ni ma haka. Ya taɓa aiko mini da ludayi a matsayin tsarabar aikin hajji, ni kuma na rama da tsintsiya. To da farkon hunturun shekarar sai ga shi ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙo mini wata 'yar jaka.

"Ungo, bawana. Safa ce na sayo wa motarka, kada sanyi ya kama ta."

Na buɗe na ga waɗansu tsummoki guda biyu masu kauri, zagayayyu, da roba a baki. Na yi dariya har da hawaye. Na ce lallai Badamagaren nan ya ci ni wannan karon, har ɗinki ya bayar don ya tsokane ni. Takardar da ke cikin jakar ko kallonta ban yi ba, na miƙa wa maiɗakina tsummokan na ce ta ga abin da za ta yi da su. Ita kuwa ba ta wasa da abu mai amfani. Ta ja robar, ta gwada a bakin manyan fantekokin da take kwaɓa fanke a ciki, ya zauna ɗas. Tun daga ranar kwaɓinta yake kwana a rufe da su, tana ta yabon yadda yake saurin tashi.

A lokacin mahaifiyata tana zaune tare da mu, kuma sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda. Na Litinin shi ne ba a wasa da shi, don tun Juma'a jikinta yake tara ruwa. Ranar muka wayi gari ƙanƙara ta rufe unguwa, motar da ke share titi ba ta hawo layinmu ba. Masu motar da ke kai mahaifiyata asibiti suka bugo waya suka ce ba za su iya hawan tudunmu ba, sai an share. Na leƙa ɗakin Inna na same ta zaune a bakin gado, ƙafafu sun kumbura, tana jan numfashi da ƙyar. Ta ce, "Kada ka damu kanka, gobe ma rana ce." Amma ni na ga yadda kafaɗunta ke ɗagawa. Gaskiya tsoro ya kama ni.

Ina da sarƙar taya a but, wadda na saya tun shekarar da na zo, ban taɓa ɗaura ta ba. Ni a ganina ƙarfe shi ne maganin ƙanƙara, kuma na sha cika baki da ita. Na sauko na baje ta, ashe ta cukurkuɗe. Da na warware, sai na ga tsakanin taya da jikin motar ko hannuna ba ya shiga sosai, balle sarƙa. Yatsuna suka sandare. Na jefar da ita na ce bari in gwada haka nan. Na taka totur don in ƙarasa hawan tudun zuwa babban titi, tayoyin gaba suka yi ta juyawa a wuri guda, sai ma na ji motar tana zamewa baya.

Ina cikin wannan hali sai ga Badamagare ya fito da shebur. Ya dube ni, ya dubi sarƙar, bai yi dariya ba. Wannan ne ya fara ba ni mamaki.

"Ina safar da na ba ka?"

Na ce, "Don Allah malam, yau ba ranar wasa ba ce. Inna ce ba lafiya."

"Wa ya ce maka wasa nike? Ina take?"

Na ce a hankali, "Tana kan kwaɓin fanke."

Ya yi salati, ya riƙe baki. "Kai, Bakano! Maza hau ka ɗauko."

Na sauko da su suna warin yis. Ya durƙusa ya zura ɗaya a saman tayar gaba kamar mai sa wa jariri hula, ya ja ta rufe rabi, ya ce in yi wa ɗayar haka. Sai ya sa na ɗan matsa da motar, rabin da ke ƙasa ya juyo sama, muka ƙarasa rufewa. Shi ke nan! Duk tsorona bai hana ni tambaya ba: yaya za a yi tsumma ya yi abin da ƙarfe ke yi? Ya ɗebo ƙanƙara ya manna a hannun rigar sanyina, ta maƙale. Ya manna a jikin taya, ta zame. Ya ce, "Ka gani? Zare yana kama ta, yana tsotse ruwan da ke sa sulɓi. Amma ka tafi sannu, kuma da ka hau kwalta tsurarta ka cire, in ba haka ba ta yage."

Muka riƙo Inna muka zaunar da ita a baya. Na yi bisimilla na taka a hankali. Wallahi sai motar ta kama hanya tana hawa, ba ƙara, ba girgiza. Ni da ya kamata hankalina ya tsaya kan titi, sai kasa kunne nake ina son jin yadda abin yake aiki. A babban titi na tsaya na tuɓe su, sun jiƙe sharkaf, sun yi baƙi. Muka isa asibitin kafin a ba wani kujerar da ake yi mata wankin a kai.

Bayan awa huɗu ta fito numfashinta ya daidaita, har tana tambayar abinci. A hanya na ba ta labarin fantekokin, ina tsammanin za ta yi dariya. Sai ta ce, "Wato wata biyu maganin yana cikin gidanka, kana yi masa dariya, ba ka taɓa cewa mene ne wannan ba?"

Yau ta riga mu gidan gaskiya, amma tambayar nan tata tana nan tare da ni. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in mutum ya miƙo maka abin da ba ka sani ba, ko da abokin wasanka ne, ka tambaya tukuna, dariyar ta jira. Tambaya ɗaya da na raina ta kusa jawo mini abin da zan mutu ina kuka a kansa.