Kalmar da Lokotoro Ya Faɗa wa Matar Kwame

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mana Kwame daga Assamakka ba. Lokacin zafi ne, ina majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a wani ƙaramin asibiti a nan Arlit. Mutumin Gana ne, yana cikin waɗanda aka koro daga Aljeriya suka tako hamada da ƙafa. An sauke shi daga kamyo, wato babbar mota, bai san inda yake ba, leɓɓansa sun tsage, fitsari ya ɗauke. Matarsa Komfot na riƙe da takalmansa.

Ku sababbin ma'aikata kun san tsarin. Wanda ƙishirwa ta kayar, ba a ɗura masa ruwa a baki. Ƙarin ruwa ake sa masa ta jijiya, a riƙa auna jini da bugun zuciya. Haka muka yi har la'asar, numfashinsa ya daidaita. Lokotoronmu, wato likita, ya fito ya yi wa matar bayani da ɗan Ingilishin da yake ji. A ciki na tsinci kalma ɗaya, stabilize, don da Faransanci ma kusan haka muke faɗinta. A wurinmu labari ne mai daɗi. Ita kuwa sai ta zauna a ƙasa.

Da ya wuce ta kira ni. Ashe tana jin Hausa, a zangon Kumasi ta girma.

"Baba Majo, wannan kalma na san ta. Ita aka faɗa mana a kan babana, washegari muka binne shi. Ka gaya mini gaskiya."

Na ce, "'Yata, ma'anarta a tsayar da abu ya daina tangaɗi. Da safe mijinki gangarawa yake yi, yanzu mun riƙe shi a inda yake. Bai warke ba. Ƙodarsa ba ta fara aiki ba, kuma ban san ko za ta fara ba."

Dalilin tambayarta, motar da za ta kwashi 'yan ƙasarsu zuwa gida washegari za ta tashi, kuma sun bar 'ya'ya biyu wurin kakarsu shekaru da yawa. Idan ta tafi, ta bar shi a hannun baƙi. Idan ta zauna, ba wanda ya san ranar da wata motar za ta zo.

Ta ce, "In kai ne fa?"

Na ce wannan ba aikina ba ne, nawa in faɗa mata halin da yake ciki. Sai ta je ta ce a cire sunanta daga jerin masu shiga motar.

Bayan kwanaki fitsari ya dawo kaɗan, lokotoro ya ba da izini muka tura shi babban asibitin Agadas, tana zaune a gefensa. Direbanmu ya ce sun isa da rai. Iyakar abin da na sani ke nan.

Mu ma'aikata muna son kalmar nan domin tana nuna mun yi namu aikin. Mai jiran mara lafiya kuwa ba aikinmu yake tambaya ba, yana so ya san ko ya tafi ko ya zauna. In kun faɗe ta, ku tsaya ku faɗa masa abin da ya saura.