Shef ɗin Gangara da Ya Kasa Shiga Bukka

Na daɗe ina aikin kula da tsofaffi, na ga abubuwa iri-iri, wasu na manta, wasu kuma na so in manta ban samu ba. Amma abin da ya faru a wata ruga bayan Gangara, shekarar da aka yi mana sabon tsarin aiki, ko tsufa ya cinye mini hankali kamar na mutanen da nake kula da su, shi kam ba zai fita kaina ba.

Ƙungiyarmu ƙarama ce. Buro ɗinmu, wato ofishinmu, ɗaki biyu ne a Gazawa, da itacen bedi a tsakar gida inda muke jingine motocinmu masu ƙafa biyu. Aikinmu shi ne zagaya ƙauyuka muna duba tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba su da mai ɗawainiya da su. Mu yi musu wanka, mu juya su kada bayansu ya yi gyambo, mu yanke farce, mu ba da abinci da magani. Maza ga maza, mata ga mata. Aiki ne da ba a yi maka tafi a kansa, sai dai addu'a, wani lokacin kuma zagi.

Cikin waɗanda ke hannuna akwai wani tsoho Bafulatani da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba ya iya haɗiye komai a kwance, sai ya shaƙe. Dole a tada shi, a jingina bayansa da ƙirjinka, ka tallafe masa kai da hannu ɗaya, ka ba shi fura da ludayi da ɗayan. Matarsa tsohuwa ce ƙarama, ko tulu cike ba ta iya ɗauka, balle namiji dogo irinsa. Ƴaƴansa maza sun yi kudu da shanu, rugar ta zama sai tsofaffi da kaji. In ka tambaye shi ƴaƴansa, sai ya lissafa maka mazan nan ya yi shiru. Bakinsa ya karkace, amma bai hana shi tsiya ba. Kullum sai ya ce ina riƙe mutum kamar damin gero, kuma furar da nake dama masa duk gudaji ce. Yana faɗa yana shanyewa.

To, sai shugabarmu ta tafi Maradi formasiyo, wato horon aiki. Madam muke ce mata. Bagobira ce daga Gidan Rumji, mace mai zafin nama, ba ta da mugunta ko ta sisi, sai dai in ta dawo daga formasiyo kowa ya san akwai abin da zai motsa, ko da teburi ne. Wannan karon mu ne muka motsa. Ta tara mu ta ce daga yau kowane ma'aikaci zai yi aiki a yankin gidansu. Esansi, wato man da muke ƙonawa, zai ragu, gajiya za ta ragu, kuma tsoho ya fi sakin jiki da wanda ya sani. Kowane yanki, a ɓangaren maza, mutum ɗaya, da sunan shef, wato shugaban yankin. Magana ta gaskiya shawara ce mai kyau, duk mun yi tafi, ni ma na yi, don an maido ni wajen Agiye kusa da iyalina.

Yankin Gangara, da yake shi ya fi faɗi, an haɗa masa da sabuwar moto, aka ba wani abokin aikina da muka shiga ƙungiyar tare. Bahaushe ne ɗan garin Gangara, mutum mai shiru-shiru, wanda in kun zauna shan shayi sai ka manta yana wurin. Ya daɗe yana jiran a ɗaga shi. Matarsa duk mun san ta, a gidan wani ɗan kasuwa ta tashi cikin garin, kowa ɗiyar gidan yake ce mata. Madam ta riƙa kiran sunayen tsofaffin da zai karɓa daga hannuna. Da ta zo kan tsohon nan na ruga, sai na ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Akwai matsala?" in ji Madam.

"Babu, Madam."

Na ɗauka nauyin girman da aka ba shi ne ya danne masa wuya. Ranar aka sa hotonsa a gurup ɗinmu na waya, yana tsaye kusa da motar kamar wanda aka kama da ita, kowa yana ta barka.

Ba a jima ba labari ya fara zuwa buro cewa tsohon ruga ya ƙi cin abinci. Da na ji na yi dariya, na ce mutumin da ke lashe ludayi ne zai ƙi abinci? Amma labarin bai canza ba. Duk taron mako sai Madam ta tambaya, sabon shef ya ce, "Har yanzu, Madam." Sauran tsofaffin yankin kuwa lafiya lau, har yabonsa suke. An ce kullum tun da safe yana rugar, ba ya barinta sai azahar. Shi kansa ya rame, wandonsa ya koma sai da igiya. Madam ta ce ba ta taɓa ganin ma'aikacin da ya sa ciwon majinyaci a ransa haka ba, aka zaɓe shi ma'aikacin wata, aka sake sa hotonsa a gurup. Ya karɓi takardar yabon kamar an miƙa masa sammaci.

An ɗauki majo, babban malamin asibitin Gangara, aka kai shi rugar. Ya duba tsoho, ya ce bai ga sabon ciwo ba, yunwa ce kawai, kuma in aka ci gaba haka mutumin nan ba zai ga damina ba. Nan dariyata ta ƙare. Raina ya ɓaci sosai, don ina son tsohon nan duk da bakinsa. Na shiga wurin Madam na ce ko dai a bar ni in je in gan shi, ko in je ba a bar ni ba. Ta ce in rage murya, gobe da safe tare za mu tafi.

Mun isa da hantsi. Sabuwar motar tana can nesa ƙarƙashin wata aduwa, takalman shef suna gefenta. Shi kuma muka same shi a tsugune bayan bukkar tsohon, a cikin rana, ƙwaryar fura a rufe da faifai a gabansa. Da ya gan mu ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa.

Na shiga. Wallahi da ƙyar na gane tsohon. Ya zama sai ƙashi da dogon hanci, bukkar kuma tana warin mutumin da ya daɗe bai ga ruwa ba. Ya dube ni ya ce, da sunan tsiyar da ya sa mini, "Manomi, ka zo?" Muryar kamar daga cikin rijiya.

Madam ta leƙo, ta ga abin da na gani, ta juya ta kira shef. Ta ce ya shigo ya nuna mata yadda yake tada shi, wataƙila a riƙon ne matsalar take. Shef ya zo bakin bukka ya tsaya. Tsoho na jin motsinsa ya sa hannunsa mai lafiya ya ja mayafi ya rufe fuska, ya juya kai wajen bango.

"Shiga mana," in ji Madam.

Shef ya ce to. Bai motsa ba. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Tun da ka karɓe shi, sau nawa ka tada shi?"

Ya dubi yatsun ƙafarsa.

Madam ta juya wajen tsohuwa, wadda ke zaune gefe tana tsince wake kamar ba a gidanta ake yi ba. Ta ce, "Inna, don Allah mi ke faruwa a gidan nan?" Tsohuwa ta ce ba komai, yaron kirki ne, kullum yana zuwa, yana gaishe su daga waje, yana kawo fura, har itace yake yi mata. In ya tafi ita ke ɗan ɗiga wa tsoho a baki yana kwance, abin da ya shiga ya shiga. Wani lokacin in an dace wani maƙwabci ya biyo, sai ya tada shi.

"To don mi shi ba ya tada shi?"

Tsohuwa ta daɗe tana juya wake a faifai. Can ta ce, da irin Hausarta, ba ta dubi kowa ba, "Mai moto ɗin nan, a gidansa take."

"Wa ke gidansa?"

"Wadda ba mu faɗi."

Madam ta nemi turmin da ke kife ta zauna a kai. Ni ma sai a lokacin abin ya faɗo mini. Matar shef ɗiyar fari ce ga tsohon. Su kuwa Fulani ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna shi, ba a ma yarda an haife shi. Tun tana jaririya aka ba gwaggonta da ke aure a Gangara, ta tashi can. Shi ya sa duk zaman da na yi da tsohon bai taɓa sa ta a lissafi ba. Wato surukin mutum muka tura ya tuɓe shi, ya wanke shi, ya rungume shi yana share masa baki. Tsoho ya gwammace yunwa ta kashe shi. Shef kuma, da ko sunan tsohon bai taɓa kamawa da bakinsa ba, ya kasa tsayawa gaban taron buro ya yi bayani.

Madam ta ce masa a hankali, "Mi ya hana ka hwaɗa mini tun ranar?"

Ya ce, "Madam, da wane baki?"

Ba ta yi faɗa ba. Ita ma tana da surukai, kuma ni shaida ne ko ruwa ba ta sha a gabansu. Ta ce ya koma can wajen aduwa ya juya baya. Ya tafi da sauri kamar an sake shi daga kurkuku. Na zauna na tada tsoho, na jingina shi da ƙirjina, bai fi nauyin ɗan akuya ba. Ya sha, ya huta, ya sha, har ludayi ya fara kankarar ƙwarya. Da ya gama ya lumshe ido ya ce wannan furar an iya dama ta, ba irin tawa ba. Ban gaya masa wanda ya dama ba. Ya sani.

A hanyar komawa muka tsaya kasuwar Gangara. Nan shef ya zaro makullin moto ya miƙa wa Madam, ya ce a ba wani yankin. Ta ce ya bari a yi tunani, ko za a samu dabara. Ya ce babu dabara, yanki mutum ɗaya ne, tsoho kuma kullum yake buƙatar hannu, ba zai yiwu a jira tunani ba. Maganar da na ji ya yi mafi tsawo ke nan tun da na san shi.

Haka aka yi musanya. Ni aka maido Gangara da sunan shef da sabuwar moto, abin da ban nema ba, kuma matata ta yi mako ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Shi aka kai shi Agiye, nesa da gida, da tsohuwar motata mai tashi sai an tura. A gurup aka rubuta cewa an canza masa wurin aiki saboda dalilan iyali. Mutanen buro suka karanta yadda suka ga dama. Wasu suka ce girma ne ya fi ƙarfinsa, wasu suka ce ya kusa kashe majinyaci da sakaci. Abin ya ƙona mini rai, na ce masa bari in tsaya a taro in wanke shi. Ya riƙe mini hannu ya ce in na yi haka, sai an ambaci tsohon da ɗiyarsa a bainar jama'a, ya roƙe ni don Allah in bari. Na bari, amma ban ji daɗi ba, har yau kuma ban ji ba.

Tsoho ya murmure, ya ga damina, ya ga wata bayanta. Bai taɓa tambayata labarin surukinsa ba. Sau ɗaya dai, ina yanke masa farce, ya ce, "Motar nan da kake hawa, ba taka ba ce." Na ce ta ƙungiya ce. Ya ce, "Ba taka ba ce," ya rufe ido.

Ranar da ya rasu ƴaƴansa maza suna can kudu. Na iso da safe na tarar an rufe shi da zane. Na fara naɗe hannun riga don in yi masa wanka, sai tsohuwa ta tare ni a bakin bukka. Ta ce ya bar magana. Ya ce mijin waccan ne zai wanke shi, don ranar ba shi da idon da zai ji kunya da shi.

Na kira abokin aikin nawa a waya. Ya taso daga Agiye a kabu-kabu, don motar ta ƙi tashi. Shi ya yi wankan, ni ina zuba ruwa. Ya bi da tsohon a hankali kamar mai gudun ya tashe shi. Sai da aka gama rufewa, mutane suka watse, ya zaga bayan bukka ya zauna ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Abin da na koya shi ne, a ƙasarmu mutum yana iya mutuwa da yunwa abinci na gabansa, kuma wani lokaci wanda ya fi kowa son tsoho shi ne bai kamata a tura masa ba. Tun daga nan, kafin mu haɗa ma'aikaci da majinyaci, ba ma tsayawa ga abin da su biyun suka ce. Sai mun tura mace ta zauna da matan maƙwabta, ta ji wa ke auren ɗiyar wa.