Shirun Anti Halo

Shekara ashirin da shida Anti Halo ta yi tana ɗaga waya a ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota. Saboda yawan cewa "Halo" a waya, sunanta na yanka ya ɓace tun tuni, har mijinta in ya so tsokana Halo yake kiranta. Ɗakinta ɗan tsut ne: tebur, fanka mai kuka, littafin ranakun ganin likita, da biro ɗaure da zare, don ma'aikatan jinya sun iya ɗauke-ɗauke.

Sai 'yarta ta haifi tagwaye a wani gari mai nisa. Anti ta miƙa takardar barin aiki, ta ce Juma'a za ta tafi. Amma hankalinta na kan tsofaffinta masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda ba sa karanta saƙo, sai dai su bugo su ji ranar da za su zo. Ta rantse ba za ta hau mota ba sai ta bar su a hannu nagari.

Likita ya kira ƙaninsa, Injiniya, mai furfura a gemu da surutu kamar rediyo. Ya zo da tsohuwar kwamfuta a hammata, ya cusa ta ƙarƙashin tebur, ya haɗa ta da layin waya.

"Anti, wannan manhajar kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Abin da aka rubuta mata shi take karantawa da murya. Mutum ya danna lambar katinsa, ta faɗa masa ranarsa."

"Ta iya gaisuwa dai ko?" in ji Anti.

"Har da ita na rubuta."

Litinin aka kunna. Murya tas, babu gargada, Injiniya sai washe baki yake. Amma kafin azahar mutum tara suka bugo, bakwai suka kashe ba su danna komai ba. Ya duba wayoyi, ya sauya muryar namiji, ya mayar da ta mace, ya ƙara sauti. Talata ma haka. Laraba sai ga wani tsohon tela, wanda ya fi shekara goma yana bugowa, ya tako da ƙafarsa yana dogara sanda, ransa a ɓace.

"'Yata, wace marar kunya kuka ɗauka? Ta ce min ina kwana, ina buɗe baki in amsa, ta wuce abinta! Ni ma na kashe abina."

Anti ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tuna saura kwana biyu ta tafi. Idonta ya sauka kan wani ɗan rami a gefen teburin, inda fenti ya goge. Lokacin da ta fara aiki bakinta sauri gare shi, sai ta ɗora wa kanta doka: in ta gaida mutum, sai ta ƙwanƙwasa biro a wurin sau huɗu kafin ta ƙara cewa uffan. Doka ta zama jiki, har ta manta tana yi.

"Injiniya, abin nan naka ya iya yin shiru?"

"Shiru? Kwana uku ina fama ya yi magana!"

"To koya masa rufe baki. Riƙe agogonka."

Ta ƙwanƙwasa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sakan uku da rabi. Ya rubuta wa manhajar ta dakata haka bayan gaisuwa, sannan ta ce "Madalla". Yana rubutawa yana gunaguni.

"Anti, ba fa jin amsar take yi ba."

"Ni ɗin kullum nake ji? Jira nake yi, shi ne aikin."

Aka ba tsohon tela waya daga bakin ƙofa, aka buɗe sauti kowa na ji. Murya ta gaishe shi, ta yi tsit.

"Lafiya lau, ya aiki?"

"Madalla."

Tsoho ya gyaɗa kai. "Yanzu ta yi hankali. Ku bar ta, yarinya ce, za ta koya." Ma'aikatan jinya suka kwashe da shewa, Injiniya ya sa hannu a ka. Alhamis mutum goma sha ɗaya suka bugo, babu wanda ya kashe. Juma'a Anti ta kwance biro daga zarensa, ta jefa a jaka, ta hau mota da farin ciki fal ranta.

Asabar da hantsi, tana gidan 'yarta da jariri ɗaya a kafaɗa, kewa ta ɗan taɓa ta, ta buga lambar asibitin, wai ta duba aiki.

"Ina kwana?" in ji muryar, ta yi shiru.

"Lafiya lau," Anti ta amsa ba ta shirya ba. Yatsanta na bubbuga bayan jaririn, kuma daidai na huɗu aka ce mata "Madalla".

Ta daɗe riƙe da wayar, tana murmushi, idonta ya ciko. Shekara ashirin da shida tana jiran mutane su amsa, sai yau aka jira ta.