Baba Mai Tsani da Kantar da Ruwa Bai Kai Ba

Tun kafin masu shaguna su buɗe ƙofofinsu, Baba Mai Tsani ya riga ya share gaban shagonsa na kafinta ya fito da benci. Sai ya ɗora ƙafar da ke masa ciwo a kan guntun katako, ya kurɓi shayinsa a hankali, ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai jiran baƙo. Duk wanda ya gaishe shi sai ya sha tambaya biyu: "Yaya iyali? Yaya kanta?" Baƙo kan ɗauka wasa ne. Mu da muka tashi a unguwar nan mun san ta biyun ce ainihin tambayar.

Bana Baba ya ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, likita ya hana shi hawa sama, autarsa kuma ta ɗauke tsanin ta kai bayan gida. Shi bai damu da barin sana'a ba, ya ce ya buga ƙusa iya rabonsa. Abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne: damina na tafe, kuma yana tsoron kantocin da ya kafa mana su koma wurin tara shirgi da zarar ya daina zagayawa.

Ga wanda bai sani ba, kantar Baba ba wani abin kallo ba ce. Katako ne mai kauri da yake kafawa can kusa da silin, a kan ƙarafa masu ƙwari, a ɗakin da ya fi tudu a gidan. Ko ƙofa ka kira shi ya gyara, kafin ya tafi sai ya ƙare wa bangonka kallo ya ce, "Nan ya dace." Da ragowar katakon aikinka zai yi ta. Idan ka ce ba ka so, sai ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba da awo.

Dalilinsa na nan a bangon shagon, wani layi mai ruwan ƙasa daidai ƙirjin mutum, wanda ya hana a shafe da fenti. Nan ambaliya ta tsaya a shekarar da yake sabon magidanci. Yakan ce ruwan bai ci ran kowa a gidansa ba, amma da ya janye sai ya tarar da buhun shinkafarsa ya kumbura yana wari, mai ɗakinsa na shayar da jariri, kuma babu ko loma ɗaya mai kyau a gidan. "Ruwa ya tafi, yunwa ta zauna," in ji shi. Tun daga ranar yake auna kowace kanta daga wannan layin, ya ƙara tsawon hannu a kai.

Kafa kanta shi ne mai sauƙin. Wahalar ita ce mu. Mutum ya ga wuri mai kyau a sama, me zai ɗora? Tsohuwar rediyo, akwatin da zif ya lalace, fankar da ake cewa za a gyara tun ana yara. Shi ya sa duk shekara, idan gajimare ya fara haɗuwa, Baba kan saɓa tsani ya bi gida gida. Zai hau, ya ɗauko abu ya nuna wa masu gida, ya yi tambayar da ta zama waƙa a bakin kowa: "Ana cin wannan?"

Abin da yake so ya gani ba shi da yawa. Shinkafa da wake a bokiti mai murfi, gishiri da sukari da mai, kifin gwangwani, madarar gari inda akwai ƙananan yara, jarkar ruwa mai tsabta, ashana da kyandir a cikin kwalba, tocila, da maganin duk wanda ke shan magani a gidan. Na bara a sauke a ci, a mayar da sabo. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ba ya takura masa. "Ko kofi ɗaya ne ka riƙa ragewa daga tukunya," yakan ce, "kafin damina ya zama wani abu."

Wadda suka fi kai ruwa rana da ita Uwar Tagwaye ce, tela a bakin layi, mace mai baki kamar almakashinta. Ita kwanukan kwalliya ta jera a kantarta, masu furanni, waɗanda ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki. Baba ya hau ya ɗauko ɗaya.

"Ana cin wannan?"

"Baba, don Allah ka sauko kar ka fasa mini kaya. Ni shinkafata a ƙasa take, inda hannuna yake kaiwa."

"Ruwa ma nan hannunsa yake kaiwa, 'yata."

Ta yi tsalle ta dire ta ce ba za a taɓa mata kwanuka ba. Baba ya zauna a saman tsani ya ce shi ma ba zai sauko ba, kuma ba shi da wani aiki yau. Mijinta direba yana gefe yana dariya har da riƙe ciki. A ƙarshe ta sauke kwanukan tana mita, ta miƙa masa bokitin shinkafa da gwangwanin madara kamar mai biyan tara.

A daminar ce ruwa ya zo da hantsi, ya cika layi, ya karya gadar da motocin kaya ke bi. Shaguna suka jiƙe, kasuwa ta tsaya. Tagwayenta a lokacin ba su fara tafiya ba. Waɗanda suka leƙa gidan sun ce sun same ta zaune a kan teburin yanka yadi, ƙafafu a naɗe, tana dama wa yaran madara da ruwan jarka, kwanukan nan masu furanni suna yawo a tsakar ɗaki. Daga wannan kantar ta ciyar da gidanta, ta kuma aika wa maƙwabtan da suka zo haya ba da daɗewa ba. Har yau idan ana labarin sai ta ce, "Ni dai ban ce ya fi ni gaskiya ba." Amma duk rigar da ke jikin Baba ita ta ɗinka, kuma ba ta yarda a yi maganar kuɗinta.

Baba, kai ne ka mayar da ragowar katako abin rufin asiri. Kai ne ka shiga ɗakunanmu ka ga talaucinmu da ƙazantarmu, ba mu taɓa jin labarinmu a waje ba. Mun yi maka tsiya, mun ɓoye idan mun hango tsaninka, ka dawo washegari da fara'arka.

To, bana gajimare ya haɗu, Baba na zaune a benci. Ya lallaɓa bayan gida don ko ya ga tsaninsa, sai ya tarar babu shi. Ya tambayi autarsa, ta ce, "Yana inda ya dace, Baba," ta wuce abinta. Ya ɗauka ta sayar. Shayin ma ya daina yi masa daɗi, ya koma amsa gaisuwa ba tare da tambayar kanta ba, kuma wannan shirun ya fi komai damun mu.

Wata safiya sai ga direba, mijin Uwar Tagwaye, da tsanin Baba a kafaɗa, ita tana gaba, maƙwabta na biye.

"Baba, mun gama da layi kaf," in ji ta. "An sauke na bara, an ɗora sabo. Na fitar da fanka daga gidan mai wanki, da takalman da ba su da 'yan'uwa daga gidan malamin makaranta. Gidanka ne ya rage."

Baba ya fara cewa ai tasa kantar lafiya lau take, ba sai an wahala ba. Ba ta saurare shi ba. Mijinta ya riƙe tsani, ta tattare zani ta hau. Can ta juyo da wani abu naɗe a tsohon tawul, ta warware, sai ga zarto da guduma, an goge su an shafa musu mai. Bokitin shinkafar kuwa yana ƙarƙashin gado, an sauke shi don su sami wuri.

"Baba!" in ji autarsa. "Yaushe ka hau?"

Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Uwar Tagwaye ta ɗaga zarton sama, ta gyara murya, ta kwaikwayi muryarsa tsaf.

"Ana cin wannan?"

Ɗakin ya kece da dariya, shi ma ya yi har hawaye suka zubo masa. Da ya share ido sai ya ce a hankali, "Ba a ci, 'yata. Amma shi ya ciyar da gidan nan."

Ta daɗe tana kallon zarton. Sannan ta mayar da shi cikin tawul ta ajiye a kusurwar kantar, ta ce a miƙo mata bokitin, akwai wurin duka biyun. "Har da nawa gidan ya ciyar," in ji ta, ba ta juyo ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa da tsawon rai, ya saka maka da abin da ba za mu iya ba. Kai kuma mai karatu, ba sai kana kafinta ba. Ɗaga kai ka dubi wuri mafi tudu a gidanka, ka ga abin da ka ɗora a can, sannan ka leƙa na maƙwabcinka da ƙafa ta daina kai shi sama.

Tsanin yanzu yana jingine a ƙofar shagon, duk mai bukata ya ɗauka ya dawo da shi. Jiya da safe na wuce ana yayyafi, na sami Baba ya ja bencinsa ƙarƙashin rumfa, yana shan shayi, bai ko dubi sama ba. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce, "Yaya iyali? Yaya kanta?"