Ranar da Kwamfutar Isyaku Ta Daina Lalacewa

Idan ka shigo Wudil ranar Juma'a ka bi layin masu gyaran waya, kafin ka kai inda ake soya kifi za ka ga wani shago mai dogon benci a ƙofa. Na Isyaku Mai Tura ne. Nawa shagon yana manne da nasa, caja nake sayarwa da batir da gilashin waya, kuma katakon da ya raba mu bai taɓa hana ni jin komai ba. Shekara da shekaru ina shan surutunsa ban roƙa ba, saboda haka ko kotu aka je ina da haƙƙin ba da labarinsa.

Sana'arsa tura fina-finai da waƙoƙi a katin memori. Mutanen Achika da Indabo idan sun kawo awaki ko hatsi kasuwa sai su biyo da katunan gida, wani a soke a bakin hula, wani a ƙulle a leda, matarsa ta ja masa kunne kada ya kuskura ya dawo ba kashi na gaba. Isyaku ɗan Sabon Gari ne. Ya fara koyon ɗinki ya bari, saboda ubangidansa ba ya son hira a kan keke. Ya yi kwandasta a motar Kano ya bari, saboda fasinja na sauka kafin ya kai ƙarshen zance. Sai a tura ya samu abin da yake nema tun yana yaro, wato mutanen da za su zauna ya yi ta magana.

Wadda take zaunar masa da su kuwa kwamfutarsa ce. Wani ƙaton akwati ne da ya ɗora a kan bulo, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa har ba mai tambayar lafiyarta. Dattijuwa yake kiranta. A cewarsa duk Wudil babu mai amanarta. Sababbin nan na yanzu, in ji shi, kullum suna neman a sabunta su, yau su sauya fuska gobe su ɓoye maka inda ka ajiye kayanka, amma Dattijuwa yadda ka bar ta jiya haka za ka same ta yau. Wannan gaskiya ne. Jiya a ƙame ya bar ta, yau ma a ƙame zai same ta.

Da wuya ta tura kati biyu a jere ba ta sandare ba. Wani lokaci fuskarta ta koma shuɗiya, ta cika da rubutun da shi kansa bai taɓa karantawa ba. Idan mai kati ya fara tsaki sai Isyaku ya ɗauki mafici ya shiga yi mata fifita, ya ce a yi haƙuri, tunani take yi. Kafin ta gama tunanin sai ya juyo da kujerarsa wajen benci ya fara ba da labarin fim ɗin da ake jira.

Abin haushin shi ne Isyaku ba ya kallon fim. Haka yake faɗa, har da rantsuwa. Na Indiya masu fassara shirme ne, mutum ɗaya ya doki mutum ashirin tabarau bai faɗi ba. Namu masu dogon zango kuwa, a ce mutum ya shiga ɗaki ya yi sallama a amsa, kashi ɗaya ya ƙare. Shi dai yana dubawa ne kawai don ya tabbatar hoto ya fita. Amma wannan mai dubawa ya san sunan kowane bos da na yaransa, ya san wadda ta yi kuka a kashi na nawa da launin mayafin da ta share hawaye da shi. Kuma ba ya ba da labari yadda yake. Wanda bai yi masa ba sai ya kashe shi da hatsarin mota. Wadda ya tausaya wa sai ya aurar da ita ga mai kuɗi. Mutane su koma ƙauye su kalla su ga ba haka ba ne, wata Juma'ar su dawo da hujja a baki, a kaure da musu har la'asar.

Babban abokin musunsa Baba Labaran ne, wani dattijon manomi daga Indabo mai dogara sanda. Shi idan ya zo, kafin ma ya miƙa kati sai ya cire takalmi ya naɗe ƙafa a kan benci, ya fito da gyaɗa daga aljihu. Ya sha gaya wa Isyaku a gaban jama'a cewa bai taɓa ganin maƙaryaci irinsa ba. Isyaku kan ji daɗin wannan fiye da yabo.

Wata rana Isyaku ya zo shago fuska ba walwala. Da na matsa masa sai ya ce matarsa Mairo ce ta gaya masa wata magana. Yana cika mata baki ne a kan yadda bencinsa ke cika, ita kuma tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, ai ba zancenka ne ke zaunar da su ba, katinsu ne ke hannunka. Ko akuya ka ɗaure ai za ta tsaya." Na yi dariya har da buga tebur. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta wuce leɓe ba, kuma daga ranar maganar ba ta bar shi ba.

A cikin haka Malama Grace ta shigo rayuwarsa. Ma'aikaciya ce a ɗakin kwamfutocin jami'a, 'yar kudancin Kaduna, tana haya a Sabon Gari. Ta zo ne a tura wa mahaifiyarta waƙoƙin coci, Dattijuwa ta zaunar da ita har kifin da ta saya ya huce. Ashe ita ma tana da tata aƙidar. Akwai wata babbar manhaja ta kyauta da take bi, kuma duk inda ta ga kwamfuta sai ta yi wa mai ita wa'azi. Ta ce tata ba ta kama bairos da sauƙi, tana iya wata a kunne ba ta yi tari ba. Isyaku ya ce shi abin kyauta ba ya yarda da shi, don bai ga dalilin da zai sa mutum ya yi wahala ya ba ka a banza ba sai in da wata a ƙasa. Ta ce wadda yake kira mai amana kullum tana kwance kamar majinyaciya. Ya ce hutu ne, kuma babba ya cancanci hutu. A kan fim kaɗai bakinsu ya zo ɗaya, ita ma ta ce ɓata lokaci ne, ba ta kallo. Daga nan duk sanda ta fito cefane sai ta tsaya sun taɓa musu.

Dattijuwa ta cika ne ranar wata Alhamis da hantsi. Ya kunna, ba shuɗi ba fari. Ya yi fifita, ya hura mata iska, ya ɗan mare ta a gefe yadda ya saba, shiru. Ga gobe kasuwa. Ina kallo ya naɗe ta a zanin gado ya tare adaidaita, yana waige-waige kada wani ya tambaye shi ina za shi. Ni kuwa na tambaya da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

Wajen Malama Grace ya kai ta. Ba ta yi masa gori ba, abin da ya fi gorin ciwo. Ta kwashe masa fina-finansa tsaf, ta goge Dattijuwa, ta zuba tata. Ta ce masa daga yau ya huta.

Washegari bayan an sauko daga masallaci Baba Labaran ya zo. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da su Uwa matarsa, ya miƙa kati, ya sunkuya yana cire takalmi. Bai gama cire na biyu ba Isyaku ya ga aiki ya kammala. Ya duba, ya sake dubawa, komai ya shiga. Ya miƙa masa katin. Tsoho ya karɓa ya juya shi a hannu, ya dubi benci, ya dubi Isyaku, sannan ya mayar da takalminsa. Gyaɗar ko fitowa ba ta yi ba.

Haka aka yini. Mutum ya miƙa, ya karɓa, ya wuce. Isyaku zai buɗe baki ya ce, "A wannan kashin fa bos ɗin," sai ya ga ƙeyar mai katin ta kusa wajen masu kifi. Ciniki kam ya ƙaru, labari ya bazu cewa yanzu ba jira a wajen Isyaku, har masu zuwa wasu shagunan suka dawo wajensa. Benci dai ya zama wurin ajiye buhu. Makonni suka shuɗe a haka, mutumin nan ya soma ramewa a kan idona. Ya koma ba ni labarin ta tsakanin katako, ni kuwa na ƙure rediyo. A gida ma bai samu shiga ba, don Mairo takan riga shi kallo, yana fara ƙarya take tare shi.

Ya yi iya ƙoƙarinsa ya ga sabuwar ta gaza. Ya buɗe mata fim goma a lokaci guda, ta ɗauka. Ya daina yi mata fifita, ko a jikinta. Ya koma wajen Malama Grace da ƙorafi, wai wannan ba ta da ladabi, idan an kunna ta ba ta yin kiɗan gaisuwa kamar Dattijuwa. Ta tambaye shi ko ta taɓa tsayawa. Ya ce a'a, da murya kamar mai amsa laifi.

Na gaji da ganinsa haka, na ba shi shawara irin tawa. Na ce wa ya san abin da ke cikin akwatin nan in ba shi ba? Ya riƙe kati, ya ɗauki mafici, ya ce tana tunani, shi ke nan. Sai ya ce, "Idan sai na ɗaure su za su zauna, to Mairo ta yi gaskiya ke nan." Ban sake kawo maganar ba. Tausayinsa ya kama ni, kuma ba na son hakan, don ya fi daɗin tsokana.

Juma'ar da abin ya faru Malama Grace tana wurin. Ta biyo ne ta ga yadda aikinta ke tafiya, tana tsaye tana yi wa masu layi bayanin cewa abin da take faɗa ke nan tun tuni. Sai ga Baba Labaran, da wasu mutum uku na Indabo a bayansa. Bai shiga layi ba. Ya sauke buhun wani daga kan benci, ya zauna a ƙarshen da ke kusa da ƙofa, ya cire takalmi duka biyu. Ni daga inda nake ina hango ƙasan teburin Isyaku. Ina gani tsohon nan ya zura sandarsa a hankali, yana kallon titi kamar mai neman wani, ya saƙalo igiyar wutar kwamfutar ya fizge ta daga soket.

Fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin. Layi ya ɗauki tsaki.

"Af," in ji Baba Labaran, yana zaro gyaɗa. "Ita ma ta fara tunanin?"

Isyaku ya dubi ƙasa. Ya ga igiya, ya ga bakin sanda a kanta. Ya ɗago ya dubi tsohon, tsohon kuwa ɓawon gyaɗa kawai yake hurewa. Mutanen Indabo sun riga sun jeru a benci, wasu daga layi ma sun fara neman wurin zama. Na san Isyaku shekaru, ban taɓa ganin bakinsa a buɗe ba magana ba sai ranar. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi saurin ɗaukar mafici ya kare fuska da shi.

Malama Grace ta riga ta sunkuya za ta mayar da igiya. Baba Labaran ya danne da sanda ya ce, "'Yata, bar ta ta huta. Tun safe take aiki."

Ta tsaya a sunkuye, ta dubi sanda, ta dubi benci, ta dubi mai fifita. Ta miƙe ta kaɗe siket. Ta ce to, amma kada wanda ya je ya ce manhajarta ce ta gaza.

"Jama'a kun gani da idonku," in ji Isyaku, murya ta dawo har ta fi ta da. "Tun farko na faɗa, abin kyauta ba shi da amana." Ya juyo da kujera wajen benci, ya gyara hula. Ya ce kafin ta farfaɗo bari ya ɗan gutsura musu, ko da yake shi ba kallo yake ba: a wannan kashin, direban nan da ya ɓoye wasiyyar maigidansa tirela ta bi ta kansa a kan gada, ko shurawa bai yi ba.

"Ƙarya ne," in ji Malama Grace. "Bai mutu ba. Asibiti aka kai shi, kuma ba tirela ba ce."

Duk benci ya juyo yana kallonta. Baba Labaran ya matsa mata wuri, ya miƙa mata gyaɗa, ta zauna.