Inna Turai, Mai Shuka Ɗorawa

Da ta idar da sallar asuba, kafin ta leƙa tukunyar kalwa, Inna Turai buta take ɗauka ta zaga bayan ɗaki ta shayar da 'yan tsirran da ta jera cikin ledojin fiya-wata. Shekara goma sha tara ke nan tana haka a ƙauyenmu da ke kudu da Tudun Wada.

Daddawa ce sana'arta, ita ta gada, da ita ta riƙe gida. Sai masu gawayi suka far wa ɗorawa da sara, kalwa ta yi wuya, har wasu mata suka kife tukwanensu. A lokacin kowa cewa yake ba a shuka ɗorawa, Allah ke fito da abarsa a gona. Ni ma da nake ji da bokona haka na ɗauka. Inna Turai ta ce, "To, shi geron wa ke fito da shi? Na ga ba ku fasa shukawa ba."

Ta riƙa ware tafi guda a kowane kwanon kalwa, ta jiƙa a ruwan zafi ta shuka. Gidan suna da gidan biki su ne ajinta. Ana tsakiyar rabon tuwo za ta zaro leda ta fara bayani, har mata suka laƙaba mata Malamar Gona don tsokana.

Mutane da yawa sun shaida ranar da ta tarar Sabo mai gawayi ya ɗora wa tsohuwar ɗorawar bakin rafi gatari. Ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a kan saiwar ta ce, "Ɗana, da me innarka ta kaɗa miyar da ka sha jiya?" Sabo ya sunkuyar da kai. Yanzu shi ke kai mata tsirrai ƙauyuka a babur.

Inna, ke ce kika hana sana'ar iyayenmu mata mutuwa. Bana itatuwanki sun cika kwanduna, ko da yake ciwon gwiwa ya hana ki zuwa ki gani. Wallahi ina jin kunyar dariyar da na yi miki. Mun gode, Allah ya sa sadaka ce mai gudana.

Jama'a, damina ta kusa, kowa ya dasa ko da guda. Na tambaye ta saƙon da zan isar muku, ta ce, "Ka ce su kewaye da ƙaya. Mutane sun ji, saura awaki."