Ranar da Na Wanke Tsibirin Kaka

Bari in faɗa muku tun da wuri: ni ne na wanke tsibiri guda da tsumma. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar takarda sai in tuna ranar.

Kakana tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a gidanmu na unguwar Gwarinpa yake zaune tun da idonsa ya tafi. Da ƙuruciyarsa an tura shi kwas ƙasar Girka, ya tafi da Kakata, suka yi ta hawa jirgin ruwa daga wannan tsibiri zuwa wancan, shi yana zane da fentin ruwa. Littafi guda ya cika: fararen gidaje masu shuɗiyar ƙofa, jakuna a kan matakala, ginshiƙan wani gini da ya rushe tun kafin a haifi kakan kakan kowa. Kakata ta rasu ina rarrafe. Hotunanta suna nan, amma duk ta ɗaure fuska kamar za a yi mata fasfo. A shafi ɗaya na littafin kawai take dariya, zaune bakin teku, ga garin tsibirin a bayanta, iska ta ɗaga mayafinta.

Aikina ne bayan la'asar in buɗe littafin in faɗa masa abin da ke ciki. Nakan ƙara gishiri, in ce ga wani kifi ya kai girman bas ɗin da ke zuwa Nyanya, ya lalubo kunnena ya ce ni ja'iri ne.

Wata rana da damina, ina shekara tara, zoɓo ya ɗiga a gefen shafin Kakata. Na jiƙa tsumma na goga, yadda Mama ke goge tebur. Babu wanda ya taɓa gaya min fentin ruwa ba ya shiri da ruwa. Goga ɗaya, teku ta hau gari. Na sake gogawa don in gyara, Kakata ta tafi.

Na shanya shi gaban fanka, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Kwana uku ina ba shi bayanin shafin da ka. Rana ta huɗu ya miƙo hannu ya shafa takardar, ga ta duk ta kumbura. Ya daɗe yana shafawa.

"Teku ce ta ci garin?"

"E, Kaka."

"Har da ita?"



Bai dake ni ba, bai kuma gaya wa Baba ba. Ya sa na kawo masa buroshi da fenti da sabuwar takarda, ya ce in nuna masa shuɗi. Na ɗora hannunsa a kai. Haka ya zauna riƙe da buroshin har aka kira magariba, bai taɓa takardar ba.

Yanzu shekarata sha shida, na ɗan iya zane. Na sha gwada zana Kakata yana kwatanta min, amma ba shi da idon da zai ce ita ce ko ba ita ba ce. Har yau ina buɗe masa littafin bayan la'asar. In mun zo shafin sai ya ce, "Wuce."